Akwatin Tuba da Kunnen Goggo Adawiyya

Ana idar da sallar La'asar ranar Juma'a, Malama Bara'atu ta faɗo caji ofis na Batsari, hijabinta a karkace, tana haki.

Duk garin ba wanda bai san ta ba. Malamar Islamiyya ce, kuma tun da tiramol ya kashe mata ɗanta na fari shekara huɗu da suka wuce, ta mai da tsohon gidan mahaifinta wurin da masu shan ƙwaya da kodin ke zuwa su rabu da su. Matar da ko a aji ba ta ɗaga murya, yau ga ta tana dukan teburin Sufeto Sada da tafin hannu.

"Yallaɓai, an ɗauke akwatin tuba!"

"Zauna, Malama. Mene ne akwatin tuba?"

Ba ta zauna ba. A tsaye ta yi masa bayani. Akwatin ƙarfe ne mai 'yar ƙofa a sama. Duk wanda ya yi niyyar daina sha, zai tattaro ƙwayar da ta rage masa, ya naɗe a takarda, ya rubuta sunansa da hannunsa, ya jefa ciki. Alkawarin da ta ɗaukar musu shi ne ba wanda zai kwance ƙunshin, a naɗe za a ƙone shi. Shekara guda ana zubawa, har akwatin ya kusa cika.

"Ranar Litinin mutanen gidauniyar da ke tallafa mana za su zo," in ji ta. "Su suka saya mana kekunan ɗinki da mashin, su ke biyan nas ɗin da ke duba yaran. A gabansu da gaban hukuma za a ƙone akwatin. In sun gamsu, su sabunta tallafi, har a buɗe reshe a Safana da Runka. In suka ji ƙwayar ta koma kasuwa daga gidanmu, shi ke nan, Yallaɓai. Sai mu rufe ƙofa."

Sufeto Sada mutum ne da sata ba ta cika tayar masa da hankali ba. Ya ga ta shanu, ya ga ta buhunan gero, ya ga ta akuya a bayan mashin an sa mata hijabi. Amma wannan ta ba shi haushi, don ya san samari nawa ya daina kamawa a tasha tun da aka buɗe gidan nan. Ya suri hularsa.

"Kofur Surayya, ɗauko littafinki. Mu je."

Gidan yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Kwaɗon ɗakin da ake ajiye akwatin yana rataye a buɗe, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Tayyib mai kula da gidan, da shugaban kwamitinmu Alhaji Armaya'u."

A zaure aka ajiye mashin ɗin gidan, makullinsa a ƙusa. Sufeto ya tsuguna yana zagaya shi da ido. Salansarsa ba ta da murfin nan da ke kare ƙafa, kuma a jikin ƙarfen wani abu ya ƙone ya manne. Ya sa wuƙar aljihu ya kankaro. Guntun farar shadda ce, da ɗan zaren aiki ruwan zuma a gefe. Ya naɗe a takarda ya miƙa wa Kofur.

Sai ga sallama da ƙarfi daga waje. Alhaji Armaya'u ne ya shigo, mutum mai tumbi da faɗin murya, mai babban kemis a Safana, wanda ba a taron alheri a garuruwan biyu ba a gan shi a kujerar gaba ba.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa!" ya ce tun daga bakin ƙofa. "Malama, sau nawa na ce miki kar a ba ɗan ƙwaya makulli? Yallaɓai, ba sai ka wahalar da kanka ba. Matan unguwar nan kaf sun ji mashin ɗin Tayyib ya fita ana tsakar huɗuba."

"Kai ina naka makullin, Alhaji?"

"Ya fi wata uku da ɓacewa. Ni a Safana ma na yi Juma'a, yanzu aka buga mini waya na taho."

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Ranar Juma'a ce, kowa cikin garin ya ci ado, amma Alhajin da aka sani da babbar riga yau kaftani ne a jikinsa, ko guga bai sha ba. Sufeto ya ajiye abin a ransa.

Kafin Magariba an kawo Tayyib ofis. Dogo ne siriri, ɗan shekara ashirin da takwas, tsohon ɗan acaɓa wanda a da sai an ɗauke shi daga kwata. Yau wata goma sha huɗu rabonsa da ƙwaya, kuma shi Malama ke nuna wa baƙi in sun zo.

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Masallaci, Yallaɓai."

"A kan me liman ya yi huɗuba?"

"A kan... tsoron Allah."

"Kowace huɗuba a kan tsoron Allah take. A kan haƙƙin maƙwabci ya yi, ina sahu na uku. Ban gan ka ba, Malam Usaini tela da kuke zuwa tare ma bai gan ka ba. Ina ka je?"

Tayyib ya kawar da kai.

"Tayyib, ka san abin da ke jiranka? Ka san za a rufe gidan nan ranar Litinin?"

Hawaye suka cika wa Tayyib ido. Da ƙyar ya ce, "Ban taɓa akwatin ba. Inda na je kuwa amana ce, ko za a yanka ni ba zan faɗa ba."

Sufeto ya sa aka naɗe masa ƙafar wando. Babu ƙuna, babu tabo sabo. Kofur ta je ɗakinsa ta duba kayansa: yadi biyu, riga mai hoton ƙwallo ɗaya, ko ƙyallen shadda babu. Duk da haka dole aka tsare shi, don ƙarya ya yi, kuma doka ba ta san amana ba. Sufeto bai ji daɗin turo ƙofar sel ɗin ba ko kaɗan.

Da hantsi ranar Asabar suka koma lungun. Kofur Surayya ta shiga gidaje ɗaya bayan ɗaya, ta fito da magana iri ɗaya: mashin ɗin Tayyib ne, ya fita, ya dawo. Ba wadda ta leƙa, don sun san kukansa. A Batsari ta yau, kukan mashin ba abin wasa ba ne. Kowace mace ta haddace na unguwarsu kamar muryar 'ya'yanta, saboda baƙon kuka shi ne ke sa a kwashi yara a yi ɗaka.

"Amma akwai wata tsohuwa, Yallaɓai," in ji Kofur, idanunta na ƙyalli. "Ta ce sai kai za ta gaya wa."

Goggo Adawiyya makauniya ce. Daga wani ƙauyen Ruma aka kawo ta bayan 'yan bindiga sun tashi garinsu, kuma ɗakinta bango ɗaya ne da zauren Malama. Aka shimfiɗa mata tabarma a soro. Sai da ta gaisa da Sufeto ta tambayi iyalinsa, da aiki, da gajiya, da ruwan bana, sannan ta gyara zama.

"Ɗana, mashin na Tayyib ne. Amma wanda ya hau ba Tayyib ba ne."

"Ta yaya kika sani, Goggo?"

"Yo ni da kunne nake gani! Daren da aka shigo mana, ni na fara jin su tun suna bakin rafi. Tayyib sau ɗaya yake taka shi, ya tashi, ya ce mini ta bango, 'Goggo a yi mana addu'a.' Wannan kuwa sau bakwai ya taka, na ƙirga. Kowane taki da nishi, irin na mai ƙiba. Ya tsaya yana laluben wani abu, can ya tashi. Da ya dawo kuma na ji ya ce 'Wash!' sai ƙaurin tsumma ya biyo iska."

Sufeto ya ji wani daɗi ya ratsa shi har yatsun ƙafa. Ya koma ofis da sauri ya sa aka fito da Tayyib.

"Me ya sa mashin ɗinku ba ya tashi a hannun baƙo?"

"Makullin mai ne, Yallaɓai. Bakanike ya ɗaura shi a juye. Na kowa ƙasa ake murɗawa, namu sama."

"Wa ya san haka?"

"Ni kaɗai ke hawansa."

Da azahar suna Safana. Sufeto bai doshi kemis ɗin Alhaji Armaya'u ba. Ya zauna a bencin Ummaru mai shayi da ke daura da shi, ya sa aka haɗa masa mai kauri, ya bar hira ta kawo kanta.

"Jiya Alhaji ya samu Juma'a nan kuwa?"

"Ina fa! An watse ya iso. Ya sa aka shigar masa da wani kaya sito, an lulluɓe da buhu." Ummaru ya ƙyalƙyale da dariya. "Abin da ya ba ni dariya, Yallaɓai, mutum da shago cike da magani, ya zo wurina yana ɗingishi wai in ba shi ɗanyen ƙwai biyu zai shafa a ƙuna. Na ce Alhaji, naka maganin fa? Ya ce in kama bakina."

"Wace riga ce a jikinsa?"

"Farar shaddarsa ta Juma'a mana, mai aiki ruwan zuma. Da ya fito kuma sai na gan shi da kaftani."

Sufeto ya shanye shayin nan da zafinsa, har ya ƙona harshe bai damu ba. Ya bar Kofur Surayya a Safana ta haɗu da 'yan sandan can su nemo takardar izinin bincike, shi kuma ya juyo Batsari yana ta murmushi shi kaɗai a mota.

Ranar Lahadi da safe ya tara kowa a tsakar gidan Malama: 'yan kwamiti, da masu jinya kusan talatin a kan tabarmi, da Goggo Adawiyya a gindin bango. Aka kawo Tayyib da ankwa. Aka turo mashin tsakiyar fili. Alhaji Armaya'u ya zo cikin sabuwar babbar riga shuɗiya, ya zauna a kujerar gaba kamar kullum.

"Jama'a, ɗan gwaji za mu yi," in ji Sufeto. "Duk namijin da ke cikin kwamiti zai tayar da mashin ɗin nan. Ba zargi ba ne, cika aiki ne."

Malam Usaini tela ya fara. Ya murɗa makullin mai ƙasa, ya taka, ya taka, har gumi ya keto masa, mashin ko tari bai yi ba. Na biyu ma haka. Masu jinya suka fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Saura kai, Alhaji."

"Haba Yallaɓai! Ni rabona da mashin shekara ashirin."

"To ai ba komai, in bai tashi ba ka bi sahun 'yan'uwanka."

Alhaji ya miƙe yana gunaguni. Kafin ya ɗaga ƙafa, sai ya tattare babbar rigarsa ta ɓangaren dama, ya cusa ta a cinya, nesa da salansar da tun jiya take a sanyaye. Ya hau. Idonsa na kan jama'a, bakinsa na faɗin yadda ake wulaƙanta manya, hannunsa kuwa ya sauka da kansa ya murɗa makullin mai sama. Ya taka da nishi.

Mashin ya ɗauka, tar-tar-tar!

"Shi ne!" Goggo Adawiyya ta ƙwala ihu, tana nuni da sandarta. "Wallahi nishin nan ne! Shi ne!"

Wuri ya kaure. Sufeto ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya kashe mashin ɗin.

"Alhaji, wa ya gaya maka sama ake murɗawa?"

"Ni... dace ne kawai."

"Dace ne ya sa ka kare rigarka daga ƙarfe mai sanyi? Ɗaga mana ƙafar wandonka ta dama."

Bai ɗaga ba. Sufeto ya sunkuya ya ɗaga masa. Ga bandeji nan a ƙwauri, ya jiƙe.

"Ka sa rigar Juma'a don duk wanda ya gan ka ya ce masallaci za ka," in ji Sufeto, yana warware guntun shaddar a tafin hannunsa. "Ka ajiye motarka a bayan gari, ka shigo a ƙasa, ka ɗauki mashin ɗin da ka san matan unguwa ba za su leƙa don shi ba. Dabara ta yi, Alhaji. Sai dai babbar riga ba kayan hawan mashin ba ce."

Daidai nan aka ji sallama a zaure. Kofur Surayya ce, da 'yan sanda biyu suna rungume da akwatin ƙarfe, an fasa murfinsa. A kafaɗarta ga farar shadda mai ƙonannen gefe.

"A sitonsa muka samu, Yallaɓai, bayan katan-katan na kodin. Ya kwance kusan rabi."

Malama Bara'atu ta durƙusa gaban akwatin ta dafa shi da hannu biyu, tana ta hamdala.

Amma Alhaji bai saduda ba. Ya diro daga mashin yana huci. "Sharri ne! Tayyib ne ya kawo mini ajiya, ban san me ke ciki ba! In ba haka ba, ya faɗi inda yake lokacin Juma'a mana! Ya faɗa!"

Duk ido ya koma kan Tayyib. Tayyib ya sunkuyar da kai.

"Yana tare da ni, Baba."

Daga can layin baya wani saurayi ya miƙe, ya yaye rawanin da ya rufe rabin fuskarsa da shi. Haisam ne, babban ɗan Alhaji Armaya'u, wanda ya gama karatun difloma bara, wanda uban ke cika baki da shi a kowane taro. Ya rame, leɓɓansa sun bushe.

"Shekara biyu ina sha, Baba. Daga sitonka nake ɗiba. Ranar Alhamis na zo a ɓoye na jefa nawa a akwati. Ranar Juma'a jikina ya rikice, ina amai, ina jin kamar ana sassare mini ƙashi. Tayyib ya kulle mu a ɗakinsa ya riƙe ni har La'asar, don na rantse masa in ya sake ni shagonka zan tafi. Ni na roƙe shi kar ya gaya wa kowa. Kwana biyu yana sel saboda ni."

Haisam ya tako har gaban akwatin, ya tona, ya zaro wani ƙunshi da ba a kai ga kwancewa ba, ya nuna wa ubansa. Alhaji ya san rubutun. Shi ya biya kuɗin makarantar da aka koyi shi.

Ya zube a ƙasa da babbar rigarsa.

"Ni ne," ya ce, murya ta dushe. "Ni na ɗauka. Tun da aka buɗe gidan nan ciniki ya mutu mini a Batsari. Na shiga kwamiti don in san abin da ake ciki. Da na ji za a buɗe reshe a Safana, a bakin shagona, sai na ce in aka ce ɗan gidan ne ya sace, masu tallafi za su janye, kaya kuma su dawo hannuna. Na ɗauka 'ya'yan wasu nake sayar wa."

Sufeto Sada ya daɗe yana aikin nan, ya ji ikirari iri-iri, amma bai taɓa jin irin wannan jimla ta ƙarshe ba. Ya ciro makulli, ya kwance ankwar daga hannun Tayyib da kansa.

"Ka yi haƙuri, Tayyib."

"Ba komai, Yallaɓai. Gobe za a ƙone akwatin?"

"Gobe, a gaban kowa. Ni zan kwana da shi a ofis in rubuta rahoto, waɗanda aka kwance kuma Malama ce kaɗai za ta mayar da su, ba ɗan sandan da zai karanta suna."

Masu jinya suka ɗauki kabbara, wasu suka rungume Tayyib har suna neman kayar da shi. Goggo Adawiyya tana ta tambaya a gaya mata me ake ciki, alhali ta fi kowa ji.

Ankwar da aka cire wa Tayyib ita aka sa wa Alhaji Armaya'u. Aka tasa shi gaba. Da ya kai bakin zaure sai ya tirje, ya waiwayo. Bai iya kallon ɗansa ba, Malama ya kalla.

"Malama," ya ce, "don Allah ki riƙe mini shi."

Malama Bara'atu ta karɓi ƙunshin daga hannun Haisam, ta mayar cikin akwati a naɗe yadda yake.

"Ai gidan da ka so rufewa na irinsa ne, Alhaji," in ji ta. "Tun ranar Alhamis muke riƙe da shi."

Sufeto ya dafa kafaɗar Alhaji, suka fita lungun a ƙasa, zuwa inda motar 'yan sanda ke jira.